Man CBD: Kafin Ka Tambayi Hukuncinsa, Tambayi Abin da ke Cikin Kwalbar



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda lafiya da cuta duk suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu bibiyar wannan karatu, yau zan ɗan ja ku da tsawo, saboda maganar ta shafi lafiya da dukiya da addini gaba ɗaya.

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, wani dattijo daga cikin masu sahun farko ya tsaya har jama'a suka watse. Ya zaro wata ƴar kwalba daga aljihu, ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, da murfi mai ɗigo da mai kaɗan-kaɗan. Ya ce: "Malam, yarona ne ya aiko mini daga Faransa saboda gwiwar nan da ta hana ni sujada. An ce a ƙarƙashin harshe ake ɗigawa. To jikana ya duba ya ce ganyen da aka zana a jiki na wiwi ne. Ya halatta in sha?" Na karɓa na juya ta, na ga haruffa uku na boko: CBD. Na ce: "Alhaji, wane magani kake sha yanzu?" Ya lissafa mini na hawan jini, da wani na tsinka jini da likita ya ɗora shi a kai. Na ce: "To ajiye kwalbar nan, Alhaji. Kada ka ɗiga ko ɗigo ɗaya sai likitan ya gan ta."

Ba shi kaɗai ba ne. Wata baiwar Allah ta aiko iyalina da tambaya kan man shafawa mai wannan suna da ta gani ana talla a Facebook. Wani magidanci kuma, mai yaro da ke fama da farfaɗiya, ya zo ya ce an gaya masa wannan mai shi ne ƙarshen wahalarsu. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: halal ne ko haram? Ni kuwa, bayan na zauna da masu ilimin magunguna na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, sai na ga akwai tambayar da ta riga wannan. Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. To mene ne a cikin kwalbar? Abin da zan nuna muku shi ne, a yawancin lokuta mai sayarwa bai sani ba, mai saye bai sani ba, kuma rubutun da ke jikin kwalbar ba abin dogaro ba ne.

Mene ne CBD?

A cikin tabar wiwi akwai sinadarai fiye da 100 ƴan gida ɗaya. Biyu ne suka fi shahara. Na farko THC, shi ne mai bugarwa, shi mashaya suke nema. Na biyu CBD, wanda idan an tace shi tsantsa ba ya gusar da hankali. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba shi a 2017 da 2018, ya ce tsantsar CBD ba ta nuna alamar jefa mutum cikin maye ko jarabar shaye-shaye ba. Adalci ne mu faɗi wannan, don addini bai ɗora mana mu yi wa abu ƙarya saboda muna ƙin asalinsa ba.

Har ma akwai magani na gaskiya da aka yi da shi. A watan Yuni na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ake kira FDA, ta amince da wani magani mai suna Epidiolex don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara masu tsanani, waɗanda sauran magunguna suke kasa shawo kansu. A 2020 ta ƙara nau'i na uku. Amma ku lura da yadda ake ba da shi: likita ne ke rubutawa, ana auna nauyin yaro kafin a ƙayyade abin da zai sha, ana ɗibar jininsa a duba hanta kafin a fara da bayan an fara, kuma kowace kwalba an san abin da ke cikinta daidai wa daida.

Wannan daban, abin da ke yawo a kasuwa daban. Na kasuwa shi ne wanda ake saya ba tare da takardar likita ba: mai na ɗigawa, alewa, shayi, man shafawa, ruwan da ake zubawa a sigarin lantarki. A Amurka da Turai ana sayar da shi a kantuna da gidajen mai da shafukan intanet. Daga can yake biyo jakar matafiyi ko saƙon ɗan uwa ya iso hannun irin su Alhaji. A kan wannan nake magana.

Abin da aka gani da aka buɗe kwalaben

A 2017 wasu masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD iri 84 daga kamfanoni 31 ta intanet, suka kai ɗakin gwaji, suka buga sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar. Guda 26 kaɗai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta. Guda 36 sun ƙunshi fiye da abin da aka rubuta. Guda 22 ba su kai ba. Wato a kowace kwalba goma, kusan bakwai rubutunsu bai faɗi gaskiya ba. Sannan an sami THC, sinadarin nan mai bugarwa, a cikin guda 18.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon zance ne, an gyara. A 2022 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun gwada kayan shafawa 105. A cikin waɗanda suka rubuta yawan CBD ɗinsu, kashi 24 cikin 100 ne kawai suka dace da rubutun, kuma an sami THC a kashi 35 cikin 100 na dukan kayan. Shekara biyar tsakanin gwaji da gwaji, hali bai sauya ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018, a jihar Yuta ta Amurka, mutum 52 sun kamu da rashin lafiya bayan sun yi amfani da abin da aka sayar musu da sunan CBD: ruɗewa, gane-gane, amai, wasu har da shiɗewa irin ta farfaɗiya. Da aka gwada, sai aka tarar wasu kwalaben babu CBD a cikinsu ko kaɗan. Wani sinadari ne na haɗi, irin wanda ake ƙerawa a ɗakin gwaji don ya kwaikwayi wiwi, kuma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba.

Ga kuma wata hanyar gurɓata da ba a gani da ido. Tsiron wiwi yana da ƙarfin zuƙar abin da ke cikin ƙasa, har da dalma da makamantanta. Idan an noma shi a gurɓatacciyar gona, ko aka yi masa feshin maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba, to lokacin da ake tace man ana iya tattaro dafin tare da shi.

Ya ɗan uwa, ka tsaya ka yi tunani. Waɗannan gwaje-gwaje a ƙasar da ake ƙera kayan aka yi su, ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da kotuna da jaridun da ke tona asiri. Idan a can haka abin yake, yaya kake zaton kwalbar da ta ratso ƙasashe uku, ta kwana a rana a kan tebur, babu wanda ya san wa ya cika ta?

Me ya sa hukumominsu suka bari?

Don kasuwa ta riga doka tashi. A watan Disamba na 2018 Amurka ta yi wata dokar noma da ta halatta nau'in wiwin da THC ɗinsa bai wuce giram 3 a kowane kilo na busasshen tsiro ba. Nan take ƴan kasuwa suka cika kantuna. Amma dokar noma ba dokar magani ba ce. Ba ta ɗora wa kamfani ya tabbatar wa hukuma cewa kayansa suna aiki, ko ba sa cutarwa, ko rubutunsa gaskiya ne, kafin ya fara sayarwa. FDA ta yi ta aika wa kamfanoni takardun gargaɗi saboda da'awar cewa kayansu suna warkar da ciwon daji, da cutar mantuwa ta tsufa, har da korona. A watan Janairu na 2023 hukumar ta fito fili ta ce dokokin da take da su na abinci ba su dace da CBD ba, sai majalisa ta yi sabuwa.

Ku duba kuma yadda wayo ke shiga ta ƙofar lissafi. An ce giram 3 a kilo. Alewa ɗaya mai nauyin giram 4, a wannan ma'auni, za ta iya ɗaukar miligiram 12 na THC, alhali miligiram 5 zuwa 10 sun isa su bugar da wanda bai saba ba. Har ila yau, masu haɗa sinadarai sun gano yadda ake juya CBD ɗin kansa da ruwan asid ya koma wani ɗan uwan THC mai bugarwa, suna sayar da shi a kanti ɗaya, a kwali mai kama da juna. Mai saye da bai iya karanta ƙananan haruffan ba ya san ya bambance?

A Turai ma ba a huta ba. A 2020 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa CBD ba ya cikin miyagun ƙwayoyi, shi ya sa ɗan Alhaji ya same shi a kanti a Faransa. Amma a 2022 hukumar Tarayyar mai kula da lafiyar abinci ta ce bayanan da ke hannunta ba su isa ta tabbatar da amincinsa a matsayin abinci ba. A Birtaniya, hukumar abinci ta taɓa cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 70 a rana. A watan Oktoba na 2023 ta sauko da shi zuwa miligiram 10, saboda tsoron abin da yake yi wa hanta idan an daɗe ana sha. Daga 70 zuwa 10. Ta kuma ce mai ciki, da mai shayarwa, da mai shan wani magani, su nisance shi sai da izinin likita. To wanda ke ɗiga daga kwalbar da bai san ƙarfinta ba, ta yaya zai tsaya a miligiram 10?

Ko da tsantsa ne, yana da nasa illar

Wasu suna zaton duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Ai zaƙami ma tsiro ne, kuma kun san abin da yake yi wa hankali. CBD yana iya kawo barci mai nauyi, da zawo, da rashin son abinci, kuma yana iya taɓa hanta. Mafi girman haɗarinsa shi ne karo da wasu magunguna. Hanta ce ke sarrafa mafi yawan abin da muke sha ta fitar da shi daga jiki. CBD yana rage wa hantar saurin wannan aiki a kan wasu magungunan, sai su taru a jini fiye da yadda likita ya nufa. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, jininsa yana iya tsinkewa ya wuce ƙima har ya yi ta zuba. Yaron da ke shan Dépakine don farfaɗiya, idan an haɗa masa da CBD, haɗarin taɓuwar hanta yana ƙaruwa.

A nan nake roƙon iyayen yara masu farfaɗiya, don girman Allah. Na san wahalarku, na san dare nawa kuke kwana ido biyu. Kada wani mai talla ya sa ku dakatar da Gardénal ko Dépakine ko Tégrétol da likita ya rubuta, ku koma wa kwalbar da babu wanda ya gwada. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da ciwon ya ƙi sauka, kuma ana mutuwa a haka. Idan kwalbar ta zamo cikin waɗanda babu komai a ciki, kun bar yaro ba magani. Idan ta zamo cikin masu THC, kun shayar da ƙaramin yaro abin maye da hannunku.

Inda shari'a ta shigo

Malamanmu na farko sun tattauna wiwi tun da daɗewa. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya bambanta tsakanin abin da ke sa maye irin na giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sumar da mutum, ya sanya wiwi cikin masu ɓata hankali. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya tafi a kan cewa hukuncinsa hukuncin giya ne. Sun saɓa a kan najasarsa da irin horon da za a yi wa mashayi, amma ba su saɓa ba a kan haramcin shan abin da zai taɓa hankali daga gare shi. Malaman wannan zamani kuma sun yi magana a kan sinadarin da aka tsamo daga tsiron wanda ba ya bugarwa: da yawansu sun ba da dama a yi magani da shi idan amintaccen likita ya ga buƙata kuma an tabbatar babu mai bugarwa a ciki.

Ku riƙe kalmar nan: an tabbatar. Duk sauƙin da aka bayar a kanta ya rataya. Ga shi kuwa mun ga a cikin kwalba 84 an sami mai bugarwa a 18. Wa zai tabbatar maka taka ba ta cikinsu? Abin ya faɗa cikin shubuha, kuma kun san wasiyyar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa tsiran addini da mutunci yana cikin nisantar abin da ya rikice.

Sai ɓangaren ciniki. Duk wanda ya karanta babin saye da sayarwa a littattafanmu na fiƙihu, daga Risala har zuwa Mukhtasar, ya san cewa daga sharuɗɗan ingancin ciniki akwai sanin abin da ake saye: jinsinsa, da siffarsa, da yawansa. Cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba shi ne garari, kuma an hana shi. Idan ka je kasuwa sayen gero, kana ganin tiya, kana ganin hatsi, kana iya sa hannu ka ji ko akwai tsakuwa. Kwalbar magani kuwa ba ka da ido a cikinta. Rubutun jikinta shi ne tiyarka, shi ne sikelinka. Wanda ya rubuta miligiram 1,000 alhali 300 ya zuba, ya tauye mudu, kuma sura guda aka saukar da sunan masu wannan hali, Suratul Muɗaffifina. Mutanen Madyana, waɗanda aka aiko musu Annabi Shu'aibu, tauye ma'auni na cikin abin da ya halaka su. Wanda kuma ya zuba abin maye ya ɓoye, ya yi irin aikin mai hatsin nan da Manzon Allah ya cusa hannu cikin tulinsa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawata masa don ya ɓoye aibin daga idon mutane. Mai tauye gero cikinka ya cuta. Mai tauye magani kuwa da ranka yake wasa.

Kuma kula da wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Shaizari, wanda ya rayu a zamanin Salahuddin, a littafinsa na hisba ya ware babi guda a kan masu sayar da magunguna. Ya bayyana dabarun da suke gauraya magani da abin da ba shi ba, da yadda ake gane kowace dabara, ya kuma ɗora wa mai hisba ya riƙa duba kayansu kowane mako. Shekara fiye da 800 ke nan. Binciken kanti da gwajin magani ba al'adar Turawa ba ce da muke aro, aikinmu ne da muka sake.

Mu kam mun ɗanɗana

Ba mu ne za a ba labarin abin da rubutun ƙarya a jikin kwalba yake yi ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutum fiye da 50,000 a ƙasar nan allurar rigakafin da daga baya aka gano jabu ce, babu magani a cikinta. Mutane sun koma gida suna zaton sun tsira. A 2015 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan jabun rigakafin sanƙarau da aka samu a Nijar. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya saboda ciwon ƙoda da aka danganta da ruwan maganin tari mai guba da aka shigo da shi. Ita wannan hukuma ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin goma ko jabu ne ko bai kai inganci ba.

Ku tuna kuma da tramol. Maganin ciwo ne na gaskiya, yana da amfaninsa a asibiti. Da ya fita daga hannun likita ya hau tebur da tire a tasha da bakin kasuwa, da ƙarfin da ya ninka wanda ake rubutawa, kun ga abin da ya yi wa samarinmu masu kabu-kabu da ƴan dako da manoma. Shi ma da sunan magani ya shigo. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya tsaya ya duba.

Maganar doka da tafiya

Dokar ƙasarmu ta 1999 kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta hana noman wiwi da fataucinsa da shansa. Halatta abu a kantin Faransa ba ya halatta shi a Yamai ko Damagaram. Idan ƴan duwan ko jami'an OCRTIS suka sami kwalba mai hoton ganyen wiwi a jakarka, aka gwada aka ga THC, cewa ɗanka ne ya aiko maka ba za ta wanke ka nan take ba. Wasu wurare ma tsantsar CBD ɗin suka hana: a Hong Kong, tun daga watan Fabrairu na 2023, mallakarsa kaɗai tana iya kai mutum kurkuku har shekara 7.

Maniyyata aikin hajji da umra, ku saurara da kyau. Saudiyya tana da tsanani ƙwarai a kan duk abin da ya shafi wiwi. Kada ka saka irin wannan mai a jakarka don ciwon ƙafa a ɗawafi, kuma kada ka karɓi saƙon maganin da ba ka san shi ba daga kowa, ko da maƙwabcinka ne. Kada shekarun da ka yi kana tara kuɗin kujera su ƙare a ɗakin bincike na filin jirgin Jidda.

Wani zai ce

Wani zai ce: "Malam, ai wane ya sha ya ji sauƙi." Ba na ƙaryata shi. Amma ciwon gaɓɓai yana tashi yana kwantawa da kansa, kuma zuciya idan ta yarda da abu jiki yakan ji dama. Sannan jin sauƙi ba ya gaya maka me ka sha. Mai yiwuwa abin da ya sa ya yi barci mai daɗi shi ne ainihin THC ɗin da yake gudu.

Wani kuma zai ce: "Sassaƙe da saiwoyin da muke sha, ina rubutu a jikinsu?" Amsa ita ce, kakanninmu sun san sabara da kalgo da ido, sun san mai ba da su da gidansa, kuma idan ya cuci wani an san inda za a same shi. Wannan kuwa sinadari ne da aka tace aka tattara ƙarfinsa a wata masana'anta da ba ka san ko a wace ƙasa take ba. Duk da haka, ko a maganin gargajiyar, wanda ya narka ƙwayar bature a cikin tsimi ya ɓoye, hukuncinsa ɗaya da wanda muke magana a kai.

Abin da ya hau kan kowa

Ya kai marar lafiya: neman magani ba laifi ba ne, an ma umurce mu da shi. Amma ka neme shi ta ƙofarsa. Kai kwalbar wurin likita ko mai farmasi da ya yi karatun aikin, ka lissafa masa duk abin da kake sha, har da na gargajiya. Mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai ciwon hanta, da direba mai doguwar hanya, su bar shi baki ɗaya.

Ya ku ƴaƴanmu da ke ƙasashen waje: Allah Ya saka muku da alheri a kan tuna iyaye. Amma ganin abu a kanti mai kyalli ba shaidar an gwada shi ba ce. Kuɗin da za ka sayi kwalbar ka biya kuɗin aiko ta, da ka turo shi a kai tsohon asibiti a duba gwiwar, da ya fi.

Ya kai ɗan kasuwa: cewa "haka aka kawo mini" ba uzuri ba ne gobe ƙiyama. Abin da ba ka san cikinsa ba, kada ka sayar wa mai ciwo. Idan kuma ka ƙara da cewa yana maganin suga da hawan jini da ciwon daji, ka shiga sahun masu yin likitanci ba da sani ba, kuma malamai sun ɗora wa irin wannan lamunin duk ɓarnar da ta biyo baya.

Ya kai mai tura saƙo: tallar da ka danna ka watsa wa mutum ɗari, kana da kaso a abin da ta haifar. Sanya sunan Allah da salati a farkon talla ba ya mayar da ita gaskiya.

Ya ku mahukunta: Allah Ya damƙa muku abin da talaka ba zai iya yi wa kansa ba. Babu magidancin da ke da ɗakin gwaji a gidansa. Muna da LANSPEX a Yamai, aikinta ke nan gwada magunguna. Muna roƙo a fito da matsayi bayyananne a kan waɗannan kaya kafin su cika kasuwa, a sanar da shi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu a rediyo, a riƙa ɗaukar samfur ana gwadawa ana faɗa wa jama'a sakamakon, a kuma hukunta masu tallar waraka ta ƙarya. Idan kuma likitocinmu suka ga akwai yaran da suke buƙatar maganin na gaskiya, a shigo da shi ta hanyar asibiti, da awo da kulawa. Amurka ta bar kasuwa ta riga doka, ga ta nan shekaru tana bin baya. Gara mu ɗauki darasi da kuɗin wani.

Alhaji ya dawo bayan kwana uku. Ya ce likita ya karanta kwalbar, ya duba takardar magungunansa, ya ce kada ya kusance ta muddin yana shan na tsinka jini, ya kuma rubuta masa abin da ya dace da gwiwar. Ya ce: "Malam, to sujadar fa?" Na ce: "Alhaji, wanda ya kasa sujada saboda ciwo, ya yi sallarsa yadda zai iya, ya yi nuni, ladansa cikakke ne in Allah Ya yarda. Sauƙin nan tun tuni aka ba ka shi, ba sai ka nemo shi a kwalba ba."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare zuriyarmu daga abin da ke ɓata hankali, Ya azurta ƴan kasuwarmu da gaskiya a mudu da sikeli da rubutu, Ya yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga kare rayukan jama'a. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina neman gafararSa. Wanda ya san mai irin wannan kwalba a gida, ya karanta masa wannan.